Kan amarya ranar biki: gashinta na asali, ƙarin gashi, ko hular gashi?

A yawancin gidajen Kano, da zarar an sa ranar biki, lissafi yakan karkata kan kayan ɗaki, da ɗinkunan fitar biki, da mai ƙunshi, da mai gyaran jiki wadda za ta yi wa amarya dilka da halawa, amma maganar yadda za a yi da kanta ba ta tasowa sai biki ya rage kwanaki kaɗan. A wannan ƙurarren lokaci kuwa ba amarya ce ke zaɓe ba. Ko dai mai shagon gyaran gashi ta zaɓar mata abin da ta saba yi wa kowa, ko kuma wata ƙawa ta nuna mata hoto a Instagram ta ce irin wannan ake yayi. Alhali abin da aka ɗora a kan amarya yana shafar adonta, da lafiyar fatar kanta, da alwalarta da wankanta a makon farko na aure, don haka ya cancanci a zauna a auna shi tun da sauran lokaci.

Kafin a kwatanta komai, ya kamata a tuna yadda bikin Kano yake gudana. Ranar kamu amarya tana cikin lulluɓi, ranar walima tana cikin lafaya ko mayafi, a wajen dina kuma kanta yana ɗauke da gwaggwaro ko ashoke ko wani ɗauri na zamani, sannan daren kai amarya a sake lulluɓe ta har ɗakinta. Abin da jama'a da masu hoto suke gani daga gashinta bai wuce ɗan gashin goshi da tudun da ɗauri ya zauna a kai ba. Ke nan gashin amarya aiki biyu ne da shi: ya riƙe ɗauri na tsawon sa'o'i ba tare da ya zame ko ya sa mata ciwon kai ba, sannan ya kasance abin da za ta buɗe a gidan mijinta, ta yi salla da shi, ta yi wanka da shi, ta turara shi, har tsawon kwanaki bayan 'yan biki sun watse. Hotunan amaren Legas ko na Amurka da ake kwaikwayo an yi su ne don amaryar da za ta fito kai a buɗe, kuma wannan bambanci shi ne ya kamata ya zama ma'aunin zaɓi.

Hanya ta farko ita ce kitso da gashin amarya kawai, ba tare da an sa komai a ciki ba, ko shuku, ko kalaba, ko zane mai ƙananan tsaga irin wanda gwanayen makitsa na cikin gari suka ƙware a kai. Wannan ya fi kowanne sauƙin kuɗi, iska tana shiga fatar kai, ruwa yana ratsa shi, kuma ɗauri yana zama a kansa daram saboda kai ya kwanta lumui. Idan gashin yana da cika, akwai kuma zaɓin a wanke shi, a busar da shi da na'ura, a taje shi a tufke a ƙeya ba tare da kitso ba, wanda yake da kyau ƙwarai a daren farko, sai dai ba ya jure gumi da ruwa, kuma gashin da aka miƙar da zafi yakan koma yadda yake da zarar ya jiƙe. Rauninsu duka biyun ɗaya ne: suna nuna gashin kamar yadda yake, don haka amaryar da gashinta gajere ne ko ya kakkarye a goshi takan ji kamar ba su wadatar da ita ba. Daga nan ne maganar ƙari take shigowa.

Ƙarin da ya fi yaɗuwa shi ne kitso da gashin roba, wanda mata suke kira gashin doki ko atach, kuma ana samun sa a Kasuwar Sabon Gari da shagunan kayan kwalliya da sunaye irin su X-Pression da Darling. Ba gashin dabba ba ne, zare ne na roba da ake sarrafawa a masana'anta, kuma mafi shahara a cikin irinsa shi ne Kanekalon na kamfanin Kaneka da ke Japan. Amfaninsa a fili yake: yana ba da tsawo da kauri, kitson yana daɗewa bai tsufa ba, kuɗinsa bai kai na gashin mutum ba ko kusa. Amma yana da nauyi, kuma nauyin yana rataye ne a kan 'yan silin gashin da aka kama da shi. Yana riƙe zafi da warin gumi, yana daɗewa bai bushe ba bayan wanka, sannan mata da yawa suna samun ƙaiƙayi da ƙuraje daga sinadarin da ake shafe zaren da shi. A farkon shekarar 2025 ƙungiyar kare masu sayayya ta Amurka, Consumer Reports, ta gwada nau'i 10 na gashin roba na kitso, ta samu sinadarai masu alaƙa da cutar kansa a dukkansu, ta kuma samu dalma a guda 9. Akwai kuma wani abu da ya shafi amaryar Kano musamman: turaren wuta. Amaryar da za ta sunkuya kan kasko mai garwashi don turara kanta ta sani cewa zaren roba yana motsewa ya narke idan zafi ya yi masa yawa, kuma ba ya ɗaukar ƙamshin turare da humra kamar yadda gashin asali yake ɗauka.

Sai kuma ƙarin da ake ɗinkawa, inda ake yi wa amarya kitso a kwance sannan a bi shi da allura da zare a ɗinke jerin gashi a kai, da ɗan'uwansa wanda ake liƙawa da gam. Ɗinki yana ba da kamannin sakakken gashi mai santsi, kuma idan an yi shi da gashin mutum na gaske ana iya taje shi, a naɗe shi, a miƙar da shi da zafi. Matsalarsa ita ce yana rufe fatar kai ruf, ruwa ba ya isa ƙarƙashinsa da sauƙi, idan kuma ya isa ba ya fita da wuri, sai danshi ya zauna ya haifar da wari da amosani. Na gam kuwa ni ban ga dalilin da zai sa a yi wa amarya shi ba ko kaɗan, domin yawancin irin wannan gam yana ɗauke da danƙon roba wanda wasu fatocin ba sa jurewa, kuma wajen cire shi yakan tafi da gashin da ke ƙarƙashinsa.

Hular gashi, wato wig, ita ce ta fi tashe a 'yan shekarun nan, musamman mai leshi a gaba wadda ake mannawa a goshi har ta yi kamar daga fatar gashin ya tsiro. Fifikonta a kan ɗinki shi ne ana iya cire ta, don haka wadda ba a manna da gam ba ba ta hana alwala ko wanka, kuma ba ta jan saiwar gashi idan kitson da ke ƙarƙashinta bai yi tsauri ba. Amma tana da nata aibin a bikin da ake ɗaura kai. Ɗauri yana zamewa a kan santsinta, gwaggwaro mai ƙarfi yana danna maƙalan da ke cikinta su nutse a fata, kuma hula a ƙarƙashin ɗauri a ƙarƙashin mayafi zafi ne hawa uku. Duk wanda ya san Kano a watannin Maris da Afrilu da Mayu, lokacin da zafi yakan kai digiri 40 ko ya haura, ya san abin da gumi zai yi wa gam ɗin goshi a cikin ɗakin taro mai cike da jama'a da fitilun masu hoto, balle idan wuta ta ɗauke. A lokacin hunturu wannan matsala tana raguwa, sai dai ƙura da bushewar iska su sa gashin roba ya yi ta tashi yana harɗewa.

Game da gashin mutum na gaske da ake yin hula ko ɗinki da shi, yana da kyau mai saye ta san daga inda yake fitowa. Kaso mai yawa na wanda ke yawo a kasuwannin duniya daga Indiya yake, inda masu ziyarar wuraren bauta irin na Tirumala suke aske kansu a matsayin cika alkawari ga abin bautarsu, sannan hukumar wurin ta yi gwanjon gashin. Ana sarrafa mai yawa daga ciki a birnin Xuchang na lardin Henan a ƙasar Sin, kafin ya iso Legas da Kano. Sunayen da ake liƙa masa kamar na Barazil ko na Peru galibi sunayen kasuwa ne kawai, ba shaidar asali ba, kuma ana yawan cakuɗa shi da na roba a sayar da tsadar na gaske. Hula ɗaya mai kyau ta gashin mutum tana iya cin kuɗin da ya ninka na kitso sau da yawa, don abin da a ƙarshe ɗauri zai rufe kusan dukkansa.

Duk wannan kwatanci na kuɗi da zafi da ɗorewa yana zuwa ne bayan wata tambaya da ta fi su nauyi ga amarya Musulma, wato hukuncin ƙarin gashin kansa. Hadisin da ya fi shahara a kan wannan batu, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Asma'u 'yar Abubakar, a kan amarya ya zo. Wata mata ta je wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta ce 'yarta amarya ce, ƙyanda ta kama ta har gashinta ya zube, ko za ta iya ƙara mata gashi? Sai ya amsa da cewa Allah ya la'anci mai ƙara gashi da wadda ake ƙara wa. Abin lura shi ne uzurin wannan uwa ya fi na yawancin amaren yau ƙarfi, domin rashin lafiya ce ta zubar da gashin kuma ga aure ya gabato, amma duk da haka ba a ba ta dama ba. Haka kuma an ruwaito cewa Mu'awiya ya hau mumbari a Madina riƙe da curin gashi yana tambayar mutanen garin ina malamansu, yana mai tunatar da su wannan hani.

Saboda haka mazhabobi huɗu ba su yi saɓani ba a kan haramcin ƙari da gashin mutum, kuma wannan ya shafi ɗinki da liƙi da duk wani kitso da aka yi da shi, komai tsadarsa. Inda aka yi saɓani shi ne abin da ba gashin mutum ba. Hanafiyya sun halatta ƙari da ulu da makamantansa, Shafi'iyya sun halatta wa matar aure abu mai tsarki wanda ba gashin mutum ba idan mijinta ya yarda, kuma Abu Dawud ya ruwaito daga Sa'idu ɗan Jubairu cewa babu laifi a zaruruwan da mata ke kitso da su. Amma Imamu Malik, wanda mazhabarsa ce mafi yawan mutanen Kano suka tashi a kai, ya tafi a kan hana ƙari da kowane irin abu, ko gashi ne, ko ulu, ko tsumma. Abin da malaman Malikiyya irin su Alƙali Iyad suka keɓe shi ne zare mai launi da ake ɗaurawa don ado, wanda duk wanda ya gani ya san ba gashi ba ne. Idan aka auna gashin roba na zamani da wannan ma'auni, za a ga an ƙera shi ne takanas don kada a bambance shi da gashi, wanda ya sa ya fi kusa da abin da aka hana fiye da zaren da magabata suka yi rangwame a kai. Hular gashi ma malaman zamani da yawa sun sanya ta cikin hanin, ko da yake wasu, kamar Shaihu Ibn Usaimin, sun yi sassauci ga macen da ba ta da gashi kwata-kwata, saboda wannan rufe lahani ne ba neman ƙarin ado ba.

Ko ga amaryar da ta ɗauki fatawar masu halatta gashin roba, batun tsarki yana nan. A Malikiyya ana shafar kai gaba ɗaya a alwala, kuma wankan janaba yana buƙatar ruwa ya isa fatar kai. Gaskiya ne hadisin Ummu Salama da Muslim ya ruwaito ya sauƙaƙa wa mace cewa ba sai ta tsefe kitsonta ba don wankan janaba, amma wannan sauƙi yana tafiya ne da sharaɗin ruwa ya ratsa, kuma malaman Malikiyya sun yi bayanin cewa kitson da aka ɗaure da zaruruwa masu yawa sai an kwance shi. Sabuwar amarya ita ce macen da ta fi kowa buƙatar kan da ruwa ke shiga ya fita da sauƙi, kuma abin takaici ne a ga yarinya ta shiga ɗakinta da abin da zai sa ta riƙa jinkirta wanka ko ta yi shi cikin shakka, don kawai tana tsoron ɓata gyaran da aka kashe wa kuɗi.

Akwai wani abu ƙarami da ya kamata a ambata, wato curin da ake sawa a ƙarƙashin ɗankwali don ya yi tudu, wanda aka fi sani da acuci maza. Idan manufar ita ce ɗauri ya samu abin tsayawa, gwanar ɗauri tana iya samar da wannan tudu daga naɗin yadin kansa, ba tare da an jingina wa gashi komai ba, kuma wannan ya fi tsafta daga shubuha, musamman da yake malamai da dama suna ƙyamar tudun da ya wuce kima a saman kai.

Ta fuskar lafiya, babban haɗarin da ke tattare da kowane irin ƙari shi ne zubewar gashin goshi sakamakon ja. Saiwar gashin da ke gefen goshi da saman kunne ita ce mafi rauni, kuma idan aka riƙa ɗora mata nauyi ana tamke ta, da farko gashin yakan dawo, amma idan abin ya yi ta maimaituwa sai wurin ya mutu ya zama sanƙo na dindindin. Binciken da likitar fata Nonhlanhla Khumalo da abokan aikinta suka yi a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu ya samu wannan matsala a kusan kashi ɗaya cikin uku na matan da aka duba, kuma haɗarin ya fi yawa ga waɗanda suka ɗora ƙari a kan gashin da aka miƙar da sinadari. Wannan kuwa shi ne daidai abin da ake yi wa amare da yawa: a shafa man miƙar da gashi yau, gobe a zauna kitson atach. Alamomin cewa an wuce gona da iri su ne zafin da ke hana barci, da ƙananan ƙuraje a bakin tsaga, da fatar goshi da ta ɗame har gira ta ɗaga. Maganar da ake yawan faɗa wa amarya cewa ta daure kitso sai da zafi yake kyau ba ta da tushe, kuma ko kitson gashin asali ne, idan makitsiya ta tamke gashin goshi, illar ɗaya ce.

Idan aka haɗa waɗannan duka, a ganina kitso da gashin asali shi ne ya fi dacewa da amaryar Kano, ba don sauƙin kuɗinsa kawai ba, sai don shi kaɗai ne ya tsira daga saɓanin malamai, ya dace da ɗauri, ya jure zafi, ya karɓi turare, kuma bai shiga tsakanin amarya da tsarkinta ba. Wadda take ganin gashinta bai kai ba ta san cewa gashi yana tsiro ne kimanin santimita 1 a wata, don haka babu man da zai mayar da gajeren gashi dogo cikin wata uku, duk da abin da masu talla ke faɗa. Abin da wata ukun zai iya yi shi ne ya tsayar da karyewa, gashin ya yi cika da laushi. Wannan yana samuwa ne ta hanyar barin sinadarin miƙarwa da zafin na'ura, da yin kitso mai sassauci ana tsefewa a kan kari, da shafa man kaɗanya ko man kwakwa ko na zaitun a kan gashi mai ɗan danshi, da kwana da ɗankwali mai santsi. Haɗin chebe da man karkar da aka samo daga matan Chadi, wanda yanzu ake sayarwa a Kano, yana taimakawa ta wannan hanyar ce, wato yana riƙe danshi ya rage karyewa, kuma a jikin gashi ake shafa shi ba a fatar kai ba. Idan kuma gashin yana zubewa ne da yawa ko ana ganin fili a kai, wannan aikin likita ne, domin ƙarancin jini da cutar maƙoƙo da makero duk suna iya jawo shi, kuma rufe shi da ƙari ba ya warkar da ko ɗaya.

Ga wadda ta bincika, ta tambayi malamin da ta amince da iliminsa, ta kuma natsu a kan yin amfani da wani abu da ba gashin mutum ba, abin da ake cirewa ya fi abin da ake ɗinkewa ko liƙewa, mara nauyi ya fi mai nauyi, kuma wanda bai taɓa gashin goshi ba ya fi wanda ya kama shi. Ta jiƙa gashin robar a ruwan ɗumi da aka zuba wa ɗan ruwan tsami irin na tuffa, ta ɗauraye ta shanya kafin a yi amfani da shi, domin hakan yana rage ƙaiƙayi. Duk wani gam ko sabon mai a gwada shi a bayan kunne a jira sa'o'i 48 tun makonni kafin biki, ba a ranar ba. Kuma kada a ɓoye wa ango, tun da illar da malamai suka fi ambata a wannan babi ita ce yaudara.

Tsarin lokaci ma yana da muhimmanci ko wace hanya aka bi. Ya fi kyau a wanke kai a yi kitso bayan an kammala dilka ta ƙarshe, saboda kurkur da man gyaran jiki suna ɓata bakin gashi, kuma kafin a zauna ƙunshi, domin da zarar lalle ya hau hannu amarya ba za ta iya taɓa kanta ba. Kwana biyu ko uku kafin kamu sun isa kitso ya saki, fatar kai ta huta, yadda ɗaurin farko ba zai zo a kan ciwo ba. Idan da hali, mai ɗauri ta gwada ɗaurin a kan ainihin kitson da za a fita da shi, domin shuku mai tudu a tsakiyar kai da kitson da ya kwanta zuwa ƙeya ba ɗauri ɗaya suke karɓa ba. Uwar amarya ko yayarta ta zauna a wurin lokacin da ake kitson, ta faɗa wa makitsiya tun kafin kibiya ta taɓa kai cewa a sassauta hannu a goshi da gefen kunne, domin amarya mai kunya ba kasafai take iya buɗe baki ta ce ana ja mata gashi ba.